Ɗan rediyon Littafi Mai Tsarki mai caji da rana da na saya ma Mama a Zuru

Jama'a barkanmu da war haka. Tun kwanaki wasu 'yan majami'armu ke tare ni suna tambaya a kan ɗan rediyon nan na Littafi Mai Tsarki da na saya ma Mama, wai yana da kyau ko zubar da kuɗi ne kawai, to yanzu ya yi wata biyar a hannunmu, na ga kyaunshi na ga aibinshi, bari in faɗa maku. Amma sai kun yi haƙuri dan ba zan iya maganar rediyon ba sai na faɗi abin da ya kai ni sayenshi.

Kakar bara lokacin da ake kwaso dawa daga gona, autanmu ya ɗauro buhu biyu a bayan babur yana shigowa gari da yamma, wani yaro ɗan shekara shida ya fito da gudu daga lungu yana bin akuya. Yaron bai kai asibiti ba. Kuma ba ɗan wani baƙo ba ne, ɗan maƙwabcinmu ne, ni da babanshi tare munka yi ƙwallo muna yara. Kafin ka ce me mutane sun taru wasu har da sanduna, Allah ya sa wani dattijo ya ja Auta cikin zaurenshi ya rufe ƙofa ya tsaya a bakin ƙofar da kanshi har 'yan sanda sunka zo. Bayan maganar hukuma ta ɗan lafa munka tura shi Yauri wajen kawu ya zauna, dan ba zai iya bin layinmu ya wuce ƙofar gidan nan safe da yamma ba.

Mama ce abin ya fi kayarwa. Shekarunta sun ja, idonta ya yi yana, ba ta yi boko ba, amma dokoki goma a kanta suke tun tana yarinya, kuma wadda ta riƙe ita ce ta kada ka yi kisankai. Ta bar cin abinci, in ka kai mata tuwo sai ta ture kwanon ta ce ita ta haifi mai jini a hannu. Fasto ya zo, zumuntar mata sun zo har sau uku da waƙa da addu'a, ta ce lallashinta kawai suke yi. Ni na ɗauko Littafi na zauna zan karanta mata wajen biranen mafaka, inda wanda ya yi kisan kuskure ke gudu ya fake, ta ɗaga hannu ta ce "kai ɗan'uwanshi ne, duk inda bai yi maka daɗi ba tsallakewa za ka yi." Maganar nan ta zauna mani a rai kwana da kwanaki. Abin da take so shi ne bakin da bai san Auta ba, bai san ta ba, wanda zai karanta komai yadda yake. Shi ya sa na tafi neman rediyon.

Shagon ƙarami ne kusa da kasuwa, suna saida littafin waƙoƙi da kalanda da Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Turanci. Matar da ke shagon tana da haƙuri sosai, ta fito mani da iri biyu ta kunna duka, kuma ita da kanta ta ce mani in lura dan ɗayan Sabon Alkawari ne kaɗai a ciki, littattafai 27, ɗayan kuma duka 66 ne har da Tsohon Alkawari. Da ba ta faɗa ba da na ɗauki na farkon dan ya fi araha kuma kwalinsu kusan iri ɗaya ne. Duk abin da nike nema kuwa a Tsohon Alkawari yake. Kuɗin wanda na saya kamar na ƙaramar wayar nan mai tocila ne, na yi ciniki ta ɗan rage mani kaɗan.

Girmanshi kamar tafin hannu, farantin sola a baya, wajen caji irin na waya a gefe, da ramin iyafis, da 'yar tocila a kai. Muryar mai karatun namiji ne, ba ya sauri, Hausarshi a fili take, ba irin karatun nan da mutum ke cinye rabin kalma ba. In ka cika cajin yana kai mu kwana biyu zuwa uku yadda Mama ke saurare, safe bayan addu'a da kuma dare. In ka kashe ka sake kunnawa daga inda ka tsaya yake tashi, wanga abu ya burge ni ƙwarai.

Yanzu aibinshi. Ba shi da sikirin ko kaɗan, maɓallai ne kawai, ɗaya na tsallake littafi ɗaya na tsallake sura. Littafin Ƙidaya shi ne na huɗu, wannan da sauƙi, amma sura ta 35 fa? Sai ka yi ta dannawa kana ƙirgawa, in wani ya yi sallama ka amsa lissafi ya ɓace sai ka tsaya ka ji mai karatun ya faɗi lambar surar. Aya kuwa ba a maganarta, ba yadda za a yi ka je aya kai tsaye, dole ka saurari surar tun daga kai. Rubutun da ke kan maɓallan ma bai yi wata biyu ba ya goge. Ni dai na samu ɗan dutsen ado na manna da supagulu a kan maɓallin kunnawa dan Mama ta riƙa lalube da yatsa tana ganewa. In ka ƙure murya lasifikar na ɗan karkarwa kamar an sa takarda a ciki. Da hazo ya sauka kuma solar ba ta ja sosai, sai mun haɗa da cajar waya in an kawo wuta. Sai wani abu da ban yi tunani ba, sunayen littattafan. Mama da tsohon juyi ta tashi, wanda aka fara bugawa a 1932, ita Littafin Lissafi ta sani da Kubawar Shari'a, rediyon kuma Littafin Ƙidaya yake cewa da Maimaitawar Shari'a, ranar farko har ta ce anya wannan namu ne kuwa. Sai da na yi mata bayani.

Maimaitawar Shari'a sura 19 na fara kai ta. Na ajiye rediyon a kan tabarma na koma gefe ban ce uffan ba. Wajen ya kawo misalin mutum biyu da sunka tafi daji saran itace, ɗaya ya ɗaga gatari zai sara, ruwan gatarin ya fice daga ƙota ya samu abokinshi ya mutu, kuma ba wata gaba tsakaninsu tun da can. Aka ce wanga mutum ya gudu zuwa birnin mafaka ya tsira da ranshi, dan bai cancanci mutuwa ba. Mama ta ɗago kai ta ce "mai da shi baya." Na mayar, munka sake ji tun daga farkon sura tunda ba a zuwa aya. Ta ce ita ta san ruwan gatari na ficewa, ta ce ranar da ƙota ta bushe ba a jiƙa ta ba haka take yi. Ba ta ƙara cewa komai ba, amma daren nan ta sha kunu.

Abin da ni ya taɓa ni a surar nan shi ne maganar hanya. An ce a gyara hanyoyin zuwa biranen, a raba ƙasar kashi uku yadda ba wanda birnin zai yi mashi nisa, dan kada mai ɗaukar fansa ya bi shi cikin zafin zuciya ya cim mashi a hanya. Wato dokar ta san ɗan'uwan mamaci ba zai tsaya bincike ba a ranar, zuciya ce ke aiki. Duk direba a ƙasar nan ya san wannan, shi ya sa in tsautsayi ya faru da yawansu ofishin 'yan sanda suke nufa da gudu. Ni da na ji wajen, zauren dattijon nan ne ya faɗo mani a rai da yadda ya tokare ƙofa da jikinshi.

Washegari Littafin Ƙidaya 35, kuma a nan ne munka daɗe, kusan sati muna maimaita ta. An ba Lawiyawa, wato kabilar masu hidimar ibada a Isra'ila, birane 48, shida daga ciki na mafaka ne, uku a hayin Kogin Urdun ta gabas uku a cikin Kan'ana, kuma ba dan Isra'ilawa kaɗai ba, har baƙo da wanda ya zo zama cikinsu yana da ikon gudu can. Sai surar ta shiga rarrabewa dalla dalla. In mutum ya bugi wani da ƙarfe, ko da dutsen da ya isa kisa, ko da makami na itace, ya mutu, wannan mai kisankai ne. In ya ture shi dan ƙiyayya, ko ya yi kwanto ya jefe shi da wani abu, ko ya naushe shi dan gaba, shi ma haka. Amma in turewar ba zato ba ce kuma ba gaba, ko ya yar da dutse bai ga mutumin ba ya faɗa mashi, shi ba maƙiyinshi ba ne bai kuma nemi cutar da shi ba, to taron jama'a su shiga tsakaninshi da mai ɗaukar fansa su kuɓutar da shi. Kun ga abin da ake dubawa kenan, me ke hannunshi, me ke zuciyarshi, da kuma me ke tsakaninsu kafin ranar. Kuma ba a kashe kowa da bakin shaida ɗaya.

To amma ga inda fasto da zumuntar mata ba su kai ba, ni ma da ni ke karantawa ƙila da na yi sauri a wajen. Wanda ya yi kisan kuskuren ba a ce mashi tashi ka tafi gida ba komai. A birnin mafaka zai zauna har sai babban firist ya mutu, ko shekara nawa ne, gonarshi na can gidanshi na can. In ya ƙetare iyakar birnin mai ɗaukar fansa ya same shi ya kashe shi, ba alhakin jini a kanshi. Kuma ba a karɓar kuɗi dan ya koma gida da wuri, kamar yadda ba a karɓar kuɗi a fanshi ran mai kisan ganganci, dan an ce jini na ƙazantar da ƙasa. Da munka kai nan na saci kallon Mama ina tsoron abin zai sake kayar da ita. Sai ta ce "to yanzu na ji magana. Ran yaron nan ba banza ba ne." Ashe abin da ya hana ta yarda da masu lallashi kenan, suna ta ce mata tsautsayi ne ba komai, ita kuma ta ga gawar yaron da idonta, ta san da komai. Da ta ji Littafin bai ce ba komai ba kuma bai ce ɗanta mai kisankai ba ne, sai ta samu wajen tsayawa.

Joshuwa 20 gajeruwa ce, ita ta jera sunayen, Kedesh a Galili, Shekem, da Hebron a yamma, sai Bezer, Ramot ta Gileyad da Golan ta Bashan a gabas, kuma wanda ya gudo zai tsaya a ƙofar birni ya faɗa ma dattawa abin da ya faru kafin su shigar da shi. Mama yanzu ta haddace su shida, tana faɗa ma jikoki.

Ɓangaren mai ganganci kuwa ba sassauci. Fitowa 21 ta ce wanda ya shirya ya kashe ɗan'uwanshi da makirci ko a bagade, wato wajen miƙa hadaya, ya fake a janye shi. Na kai ta 1 Sarakuna sura 2 ta ji yadda Yowab, shugaban sojojin Sarki Dawuda, ya gudu ya riƙe zankayen bagade amma Sulemanu ya aiki Benaiya ya kashe shi a wajen, saboda jinin Abner da Amasa. Shi Abner ɗin ma a ƙofar Hebron Yowab ya ja shi gefe kamar za su yi magana ya soke shi, Hebron ɗin nan dai da ke cikin biranen mafaka. Zuwa 1 Sarakuna ya fi sauƙi dan littafi na 11 ne kuma surar a kusa take.

Amma a Fitowa 21 ɗin nan ne abin da ban shirya mashi ba ya same mu, kuma laifin rashin tsallake aya ne, ko in ce alherinshi. Ni farkon surar na so ta ji, zan kashe ta ce in bar shi ya ƙarasa. Can wajen aya ta 28 sai ga maganar sa mai tunkuyi. In sa ya tunkuyi mutum ya mutu, a jajjefe san kada a ci namanshi, mai shi ba laifi. Amma in an san san da tunkuyi tun da, an kuma gargaɗi mai shi bai ɗaure shi ba, to san da mai shi duka mutuwa ce, sai dai in an yanka mashi fansa ya biya ya fanshi ranshi. Wato akwai abu na uku tsakanin ganganci da tsautsayi, shi ne sakaci, ba ka nufi kowa da sharri ba amma an faɗa maka ka share. Irin shi ne a Maimaitawar Shari'a 22 inda anka ce wanda ya gina sabon gida ya ja 'yar katanga kewaye da rufin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan.

Mama ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta, sai ta ce "baburin nan, lafiyarshi lau ranar?" Gabana ya faɗi dan ni na san amsar. Bakanike ya faɗa ma Auta tun sati biyu kafin ranar cewa birkin baya ya cinye, ya ce sai ya saida dawa zai gyara. Ni na sani, ban faɗa ma kowa ba, ko Mama. Na ce mata sai ya dawo ta tambaye shi da kanta.

Da ya dawo daga Yauri ta zaunar da shi a ɗakinta ta sa na kunna surar, ya ji da kunnenshi, sannan ta tambaye shi. Bai musa ba, kuka ya yi kamar ƙaramin yaro. Ko da birkin na da kyau zai iya tsayawa da buhu biyu a baya, Allah kaɗai ya san wannan. Amma Mama ta ce ba zai zauna da maganar a ciki ba alhali mutanen sun yafe mashi a kan abin da ba su sani duka ba. Munka tafi da shi gidan da dare, ni da shi da ƙanen babanmu, ya durƙusa ya faɗa ma baban yaron komai. Mutumin ya daɗe bai yi magana ba. Daga baya ya ce ya riga ya yafe ba zai janye ba, amma Auta ya je ya gyara birkin kafin ya sake ɗaukar ɗan wani ko ya bi ta layin yaran wani. Ban taɓa jin nauyin mutum kamar yadda na ji nauyinshi daren nan ba.

Maƙwabtan namu musulmi ne, kuma yayan baban yaron malami ne, shi ya yi mana bayani tun lokacin zaman sulhu cewa a wajensu aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi maganar kisan kuskure, akwai 'yanta bawa da biyan diyya ga dangin mamaci sai in sun yafe, wanda bai samu bawan ba ya yi azumin wata biyu a jere. Diyyar sun ce sun yafe. Na lura akwai inda muka bambanta, dan a wajensu ko a kisan ganganci dangi na iya yafe ƙisasi su karɓi diyya, Littafin Ƙidaya kuma ya hana karɓar fansa a wannan. Amma raba mai kuskure da mai ganganci, da kuma cewa mai kuskuren ma akwai abin da ke kanshi, a nan bakinmu ɗaya ne. Na san yau ba dokar Musa ake yanke hukunci da ita ba, kotu ce, kuma ba na ce wanda irin wannan ya same shi ya sayi rediyo ya bar neman lauya ba.

To masu tambaya ko su saya, ni dai na ce ku saya, musamman in kuna da tsoho ko tsohuwa da ido ya gaza ko ba su yi karatu ba. Wanda ke da babbar waya kuma yana karatu ba lallai ba ne, akwai manhajoji da za su kai ka aya kai tsaye ba wahalar dannawa. Amma Mama ba za ta iya shafa gilashin waya ba, wannan kuwa tana lalubo dutsen da na manna ta danna da kanta ko ba kowa a gida. In kun je shagon kada ku karɓa a cikin kwali, ku sa a kunna maku, ku tabbatar akwai Tsohon Alkawari, ku ƙure muryar ku ji ko tana karkarwa, ku kuma tambaya ko za su canza in batir ya ƙi riƙe caji, ni matar ta ce mani in dawo da shi cikin sati biyu in ya ba da matsala, bai bayar ba.

Yanzu rigimar da ke gidan ita ce Auta na ɗauke shi da dare ya shiga ɗakinshi da iyafis, da asuba Mama ta laluba ƙarƙashin filo ba ta same shi ba, kuma in ya dawo da shi ya bar shi a wata sura daban sai an sake ƙirgawa. Na koma shagon ranar Asabar in ƙaro ɗaya, matar ta ce mai Tsohon Alkawarin ya ƙare sai an kawo mata wasu, na bar mata rabin kuɗin ta ajiye mani.